Takarda ta ce ya shirya, aji ya ce da saura

Duk shekara, da zarar zangon karatu ya kankama, makarantun firamare da ƙananan sakandare na Katsina da Daura da Dutsin-Ma sukan cika da baƙin fuskoki. Samari ne da 'yan mata, kowa rungume da babban littafin shirya darasi, wasu da kwali a naɗe a hammata. Yara sun san sunansu: 'yan TP, wato masu gwajin koyarwa. Ɗaliban shekarar ƙarshe ne daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Yusufu Bala Usman ta Daura, da masu digirin ilimi na jami'o'in jihar, an turo su su gwada koyarwa a gaban aji na gaske kafin a damƙa musu shaidar malanta.

A cikinsu babu wanda kayansa suka kai na ɗan sashen Turanci nauyi. Mai koyar da lissafi, idan Turanci ya ƙwace masa, zai juya ga allo lambobi su yi magana a madadinsa. Mai Turanci ba shi da wannan mafaka, domin harshen da yake koyarwa da shi shi ne darasin kansa. Duk abin da ya fito daga bakinsa, ko da umarnin a zauna ne ko a buɗe littafi, yara suna ɗaukarsa a matsayin yadda ake faɗa. Shi ma ya san da haka, kuma sanin ne yake ɗaure masa harshe.

Mu leƙa aji biyu na wata ƙaramar sakandare bayan an dawo daga tara. Yara sun haura 80, na gaba a kan benci, na baya wasu a ƙasa wasu a bakin taga. Ɗan TP ya shigo, aka miƙe aka rera masa gaisuwar nan da aka haddace. Ya rubuta kwanan wata a kusurwar allo, ya rubuta kan darasi ya ja layi. Daga nan ya ba aji baya, ya hau kwafo bayani daga littafinsa, layi bayan layi, har allo ya cika. Ya ce a kwafa. Minti 25 sun tafi cikin 40. Ragowar lokacin ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, yara suka maimaita, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya cewa an gane. Aka kaɗa ƙararrawa. A tsawon darasin nan ba yaron da ya haɗa jimlar Turanci ta ƙashin kansa, malamin ma bai furta wadda ba a rubuce take a littafinsa ba.

Mai wucewa zai ce ragwanci ne. Amma saurayin nan ya raba dare yana tsara wannan bayani da fitilar waya. Ɓuya yake yi. Muddin yana rubutu, ba wanda zai ɗaga hannu ya jefo masa tambayar da ba ta cikin littafi, kuma ba wanda zai ji yadda harshensa zai harɗe a kan wata kalma ya kai labari unguwa.

Tsoron ya girmi kwaleji. Wanda ya yi makarantar gwamnati a jihar nan ya shafe shekara 12 yana karatun Turanci a matsayin darasin cin jarrabawa, don ya san ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a. Ya haddace ƙa'idoji, ya koyi tsarin rubuta wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma, ya koyi cike gurbi. Magana ce kawai ba a taɓa neman ya yi ba. Hatta takardar da WAEC ke gwada furuci da ita, a rubuce ake amsa ta: a ba ka kalma, ka zaɓi wadda sautinta ya dace da ita cikin huɗu. Mutum zai cinye ta tas bai buɗe baki ba. Sannan ga ƙofar da aka shigo ta cikinta. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince da shi na shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejojin ilimi kuwa 100. Akwai waɗanda suka zo sashen Turanci don suna son harshen, kuma daga jin maganarsu za ka gane su, amma da yawa shari'a ko aikin jarida suka nema ba su samu ba, aka ce su riƙe wannan kafin Allah ya kawo wani.

A kwaleji ɗalibi zai yi shekara 3 ana koya masa ilimin sautuka, da ginin jimla, da adabi, da dabarun koyarwa. Manhajar da hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta tsara ba ta manta da magana da sauraro ba. Matsalar tana wurin aiwatarwa. Idan ɗalibai sun cika zaure, lakcara ɗaya ba shi da yadda zai sa kowa ya yi magana, sai a koma ga handawut, a haddace, a zubar ranar jarrabawa. Shi ya sa za ka sami ɗalibin da zai zana maka jadawalin sautukan Turanci 44, ya ware maka na leɓe da na hanƙa da na ganɗa ba kuskure, amma ka ce ya ba ka labarin yadda ya zo daga Mashi yau da safe cikin Turanci na minti biyu, sai gumi ya keto masa.

A waje kuma ba inda zai motsa harshen. Katsina gari ne da za ka yi cefane, ka je banki, ka ga likita, ka yi rigima da mai Keke Napep, duk da Hausa, kuma wannan ni'ima ce da garuruwa da yawa a Najeriya ba su da ita. Sai dai ga mai koyon malantar Turanci, tana nufin babu larurar da za ta tilasta masa magana. Idan ya gwada da kansa a majalisa, amsar a shirye take: “To Bature, an fara iyayin?” Idan kuma ya yi kuskure, dariyar ta ninka. Kowa ya san wurin da ake tarbon Bahaushe. Hausa ba ta raba sautin p da f gida biyu, Bakatsine ma inda Bakano zai ce “fara” shi “hwara” yake cewa, “tafi” kuma “tahi”. Wasulanmu biyar ne, gajeru da dogaye, na Turanci kusan 20. Ba ma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai mu cusa wasali tsakani, ta haka muka sami burodi da direba. Kowace ƙabila a ƙasar nan tana da irin nata tabon a Turanci, kuma muddin ana fahimtar mutum ba wani abin kunya a ciki. Amma 'yan barkwancin intanet sun mayar da namu abin nishaɗi, kuma ɗan TP ya kalli bidiyoyin, yaran ajinsa ma sun kalla.

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, ya yi bayani a 1977 cewa yardar mutum da cewa zai iya wani aiki tara ta ake yi, kuma ya nuna inda take fitowa. Tushe mafi ƙarfi shi ne mutum ya taɓa yin aikin da kansa ya ga ya yiwu. Bayan shi, ya ga wani irinsa yana yi. Sai wanda yake ganin girmansa ya ce masa zai iya, sannan yadda yake fassara bugun zuciya da bushewar maƙogwaro idan lokacin ya zo. Ɗora ɗan TP ɗinmu a kan wannan ma'auni. Bai taɓa yi ba. Waɗanda ya gani suna yi kuwa, su ne malamansa na firamare da sakandare, waɗanda akasarinsu su ma allo suke cikawa. Wani masanin, Dan Lortie, ya ƙiyasta a 1975 cewa yaro a Amurka yakan yi kusan awa 13,000 yana kallon malamai kafin ya gama sakandare, kuma wannan kallo yakan rinjayi abin da aka koya masa daga baya a kwalejin malamai. Haka abin yake a nan. Lakcara ya ce darasi ya zagaya kan ɗalibi, a raba yara rukuni-rukuni, a sa su magana, ɗan TP ya rubuta haka a jarrabawa ya ci. Ranar da gwiwa ta yi sanyi a gaban yara 80, sai jiki ya koma ga abin da ya saba gani tun yana aji ɗaya.

A nan ne nake da ja da yadda ake auna wannan al'amari. Hanyar da aka fi bi ita ce a raba takardar tambayoyi, ɗalibi ya zaɓa ko ya yarda ƙwarai ko bai yarda ba cewa ya shirya. Wa zai rubuta da hannunsa cewa bai shirya ba, alhali malaminsa ne ya miƙo takardar? Ko da ya faɗi gaskiyar zuciyarsa, wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba bai san abin da yake cewa ya shirya masa ba. Simon Veenman, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya tattara bincike 83 a kan sababbin malamai a 1984, ya ga abin da suka fi kuka da shi shi ne riƙe aji, abin da ba ya zuwa ran ɗalibi sai ya shiga. Sannan ƙarfin gwiwa da shiri ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai yarinyar da ta yi makarantar kuɗi, Turancinta tsaf, amma muryarta ba ta wuce benci na uku, cikin mako biyu samarin baya sun gane ta, aji ya zama kasuwa. Akwai kuma saurayi mai ƙaton murya da bulala a hannu, ko gezau ba ya yi, yana zuba kuskure a allo yara suna kwafa. Hedimasta zai yabe shi don ajinsa shiru. Ita yarinyar, malami mai haƙuri zai gyara ta cikin wata guda. Shi kuwa wahalarsa ta fi yawa, don bai san akwai abin gyara ba, kuma takardar tambayoyi za ta nuna shi ne ya fi kowa shiri.

Tsarin horon malamai yana da matakin da aka tanada don cike wannan giɓi, wato ƙaramar koyarwa ta gwaji da ake yi a shekara ta biyu. A Stanford aka ƙirƙiro ta a 1963, kuma asalinta mai sauƙi ne: ɗalibi ya koyar na 'yan mintoci ga yara kaɗan, a ɗauki hotonsa na bidiyo, a zauna da shi a nuna masa inda ya kauce, ya sake koyar da darasin nan. Amfanin duka yana cikin sakewar. Idan ɗalibai suka yi yawa lokaci ya yi kaɗan, ita ce ake fara yankewa. Wani wurin ma rukuni ake yi, mutum goma su tura wanda ya fi su baki ya wakilce su, a raba maki. Su kuma “yaran” abokan karatunsa ne, sun san amsa tun kafin a tambaya, ba mai kuka, ba mai barci, ba mai cewa an sace masa biro. Yau da kusan kowane ɗaki na ɗalibai akwai waya mai kyamara, rashin kayan ɗaukar hoto ya daina zama hujja.

Sai TP ɗin kanta. A ƙa'ida, ɗan TP yana ƙarƙashin malamin da ke da ajin, ya fara da kallo, a riƙa sakar masa darasi kaɗan-kaɗan. A aikace, ranar farko zai gaida hedimasta, “Ranka shi daɗe, mu ne aka turo,” a haɗa shi da malamin Turanci, shi kuma ya miƙa masa manhaja da alli ya ce, “Malam, ga ajinka nan, Allah shi taimaka.” Daga ranar, malamin ya sami hutun da ya daɗe yana nema. Ban cika ganin laifinsa ba, mutum ne mai azuzuwa biyar ko shida da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. A wasu makarantun cikin gari kuma 'yan TP yawa suke yi, musamman tun da matsalar tsaro ta sa iyaye ba sa son a tura 'ya'yansu wajen Batsari ko Safana ko Jibiya, har ta kai wani sai ya yi kwanaki bai sami darasi ba.

Ranar zuwan sufabaiza ita ce ranar wasan kwaikwayo. Labari ya riga ya iso ta WhatsApp. An share aji, an aro kwali mai zane daga wata abokiyar karatu, an maimaita darasin jiya da shekaranjiya har yara sun haddace wanda zai ɗaga hannu a kan wace tambaya. Sufabaiza ya zauna a baya, wataƙila daga sashen da ba na Turanci ba, da makarantu uku a gabansa kafin azahar. Ya duba littafin darasi, ya duba shiga, ya duba kwali, ya ba da maki, ya yi nasiha ta minti biyu a bakin mota. Abin da ɗalibin ya koya shi ne yadda ake ɓoye rauni. Yaron tela a kasuwa ya fi shi gata: sai ya daɗe yana kalmasa da sa maɓalli maigidansa na kallo yana warware masa ɗinki, kafin a bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane.

Abin mamaki, a garin nan aka taɓa yin akasin haka. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, makarantar horon malamai ce, kuma an san ta da matsa wa ɗalibai a kan Turancin baka. Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, kuma har yau ana misali da lafazinsa. Isa Kaita, wanda kwalejin Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, shi ma a nan ya yi karatu. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ba na cikin masu cewa a koma wancan zamani, domin makaranta ce ta 'yan ƙalilan da aka tsamo, mafi yawan yaran Arewa ko ƙofarta ba su gani ba. Abin ɗauka ɗaya ne: su ma da harsunan gidajensu suka tashi, da irin tabonmu a baki, abin da ya bambanta su shi ne shekarun da suka yi suna magana kullum wani yana saurare yana gyarawa.

Akwai kuma maganar da ba a so a yi a fili, wato Hausa a cikin darasin Turanci. Kowane ɗan TP yana yin ta. Zai yi bayani da Turanci ya ga idanu sun yi zuru, sai ya saci kallon taga ya sauke murya ya ce, “Kun ga, abin da ake nuhi shi ne…” nan take aji ya farfaɗo. Amma yana yi yana jin kamar ya yi sata, don an nuna masa cewa ƙwararren malami ba ya haka. Gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, daga baya aka fayyace shekara 3 na farkon firamare, a koma Turanci daga aji 4. A 2022, lokacin Ministan Ilimi Adamu Adamu, aka ce harshen uwa har ƙarshen firamare. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci tun daga tushe. Ɗalibin da ya shiga kwaleji a ƙarƙashin wancan tsari zai fito aiki a ƙarƙashin wannan, yaran Kaita da Sandamu kuwa suna nan yadda suke, da Hausa suke zuwa makaranta. Tunda za a yi Hausar ko an so ko an ƙi, gara a koya wa ɗalibi yadda ake yin ta da lissafi: ya buɗe ma'ana mai wuya da ita cikin jimla ɗaya ya dawo, ya bar gaisuwa da umarni da tambayoyin yau da kullum a Turanci har kunnen yara ya saba, kada ya fassara kowane layi don yara za su daina sauraron Turancin su jira fassara. Wannan ƙwarewa ce da ake koyarwa, kuma wanda ya iya ta ba ya fargabar shirun aji.

Jarrabawar tantance malamai ba za ta kama wannan rauni na magana a gaban aji ba. Kaduna ta yi tata a 2017, malamai 21,780 cikin kusan 33,000 suka kasa kai makin da aka sa. Katsina ma sai da ta yi jarrabawa kafin ɗaukar malamai sama da 7,000 a 2023, hukumar TRCN mai rajistar malamai kuma tana yin tata a kwamfuta kafin ba da lasisi. Duk suna da amfani wajen gano wanda bai san darasin ba. Amma ɗalibin da ya cika allo ya ba aji baya zai iya tsallake su duka, don abin da suke tambaya shi ne ainihin abin da ya iya.

Gyaran da nake gani bai kai gina sabon zaure tsada ba. Sashen Turanci zai iya hana kowa fita TP sai ya tsaya ya yi magana ta minti biyar a gaban malamai biyu, ba takarda a hannu, wanda ya kasa a ba shi wata guda na atisaye ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi muhimmanci shi ne malamin aji, wanda shi kaɗai ne yake wurin kullum. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, tana da kason tallafi na duba 'yan TP a kwalejojin ilimi, amma shi wannan malami galibi ba a horar da shi kan renon sabon malami, ba a ba shi komai, sa hannunsa kawai ake buƙata a ƙarshen zango. Da kowace kwaleji za ta zaɓi makarantu kaɗan a Katsina da Daura da Dutsin-Ma, ta horar da malaman Turancinsu, ta ba su ɗan alawus, ta ɗora musu sharaɗin zama a bayan aji da tattaunawa da ɗan TP bayan kowane darasi, da ɗalibi ya sami wanda zai gan shi a ranakun da ba a share aji ba. Hakan ba zai yi tasiri ba sai an ba malamin kaso mai tsoka na makin TP, kuma a nan ne za a sha daga, domin sai lakcarori sun yarda su saki wani ɓangare na makin da ke hannunsu ga malamin ƙaramar sakandare mai NCE, wato shaidar kwalejin ilimi, wanda wataƙila tsohon ɗalibinsu ne.